Idan Maigida Ya Kamu Da Kallon Batsa: Ina Mafita Ga Matar Gida?

Ya ku iyaye da ma'aurata masu bin wannan shafi na iyali, akwai koke-koken da mace ke iya kai wa iyayenta ko limamin unguwa ba tare da ta sunkuyar da kai ba, kamar rashin cefane, ko duka, ko rashin adalci tsakaninta da abokiyar zamanta. Akwai kuma wani kuka wanda ba ya fitowa sai an yi ta kewaye-kewaye. Sai ka ji ta ce: “Malam ya canza,” ko “ba ya kwanciya da wuri,” ko “kullum yana kan waya.” Sau da yawa abin da take nufi, wanda kunya ta hana ta furtawa, shi ne ta ga finafinan batsa a wayar mijinta, ta rasa wanda za ta faɗa wa. A kan wannan baiwar Allah za mu tattauna a wannan fitowa.

Yadda abin ya shigo ɗaki

Manyanmu a nan Garou da Malanville za su tuna zamanin gidajen bidiyo, lokacin da ake tayar da janareto a sa kaset, daga baya faifan CD. Wanda ke son kallon abin da bai dace ba a wancan lokaci, dole ya fita daga gida, ya biya kuɗi a ƙofa, ya kuma zauna cikin mutanen da suka san shi suka san ubansa. Wannan kaɗai ya isa ya tsare da yawa. Da wayar salula mai kyamara ta zo, sai shingen ya fara faɗuwa. A shekarar 2007 wani bidiyon sirri na wata ƴar fim ya bazu a Kano daga waya zuwa waya, har ya girgiza sana'ar finafinan Hausa baki ɗaya, Hukumar Tace Finafinai ta jihar, wadda aka kafa a 2001, ta ƙara tsananta dokokinta. Amma hukuma tana iya tace abin da ake sayarwa a kasuwa ne kawai, hannunta ba ya kai wa aljihun mutum. Daga nan aka shiga zamanin memori da masu tura finafinai a bakin tasha, sannan intanet ta sauka a tafin hannu ta layukan MTN da Moov, da kuma Celtiis wadda ta fara aiki a 2022. Yanzu abin yana iso wa mutum ta zaurukan WhatsApp da Telegram ko da bai nema ba.

Garinmu kuwa gari ne na matafiya. Tsakaninmu da Kwatano tafiyar fiye da kilomita 700 ce, kuma direbobi da ƴan kasuwar albasa da shinkafa da masu cirani sukan yi makonni ba su kwana a gida ba. Mun ga yadda manyan motoci suka yi jerin gwano a Malanville bayan rufe gadar da ta haɗa mu da Gaya a ƙarshen watan Yuli na 2023, maza suna zaune babu aiki, babu iyali kusa. Kaɗaici da zaman banza ƙofofi ne da wannan ɗabi'a ke shigowa ta cikinsu, ko da yake ba sa zama uzuri ga kowa.

Abin da matar ke ji

Tambaya ta farko da ke cin zuciyar mace ita ce: “Me na rasa?” Daga nan sai ta shiga tuhumar jikinta, musamman in ta haihu uku ko huɗu. Wata ta kwashe kuɗin adashenta ta kai wa masu kayan mata, wata ta shiga shafa man bilicin, wata kuma ta nufi wurin boka. Muna so ƴan'uwanmu mata su ji wannan da kyau: mafi yawan mazan da ke wannan kallo sun fara shi tun suna samari, kafin su san wadda za su aura. Ɗabi'ar ta riga ki shiga gidan, saboda haka gyaran jikinki ba zai fitar da ita ba. Abin da ake nunawa a waɗannan finafinai wasan kwaikwayo ne na kasuwanci, ana yanka shi ana haɗawa, babu macen aure a duniya da aka halitta don ta yi gasa da shi.

Ko a addinance nauyin yana wuyan mai kallo ne. A Suratun Nur, umarnin runtse ido ya fara sauka kan maza a aya ta 30, sannan ya zo kan mata a aya ta 31. Littafin Ahalari, wanda yaranmu ke fara karatun fiƙihu da shi a zaure, tun a shafukansa na farko ya lissafa tsare ido daga haram cikin wajibai, haka ma Risala ta Ibn Abi Zaid. Babu inda aka rataya wannan wajibi a kan kyawun matar mutum ko kwalliyarta.

Abin da masana suka gano

Wasu mazan sukan ce: “Ai kallo ne kawai, ban taɓa kowa ba.” Bincike ya nuna abin ya fi haka. A 2017 wasu masana a Amurka, ƙarƙashin jagorancin Paul Wright, sun tattara nazarce-nazarce 50 da suka shafi mutum fiye da 50,000, suka tarar cewa mazan da ke kallon batsa sun fi ƙarancin gamsuwa da zamansu da abokan rayuwarsu. Samuel Perry na Jami'ar Oklahoma da abokin aikinsa Cyrus Schleifer sun bi diddigin ma'aurata na wasu shekaru, suka ga yiwuwar rabuwar aure ta tashi daga kashi 6 zuwa kashi 11 cikin 100 ga waɗanda suka fara kallon a tsakanin lokacin binciken. Waɗannan alƙaluma na rabuwar aure na Amurka ne, al'adarsu daban da tamu, amma sun isa su nuna cewa damuwar matar tana da tushe.

Hukumar Lafiya ta Duniya kuma, a kundinta na cututtuka da ya fara aiki a watan Janairun 2022, ta amince da wata larura ta kasa mallakar sha'awa, inda mutum ke ta ƙoƙarin dainawa yana kasawa na tsawon wata shida ko fiye, har abin ya taɓa aikinsa da iyalinsa. Hukumar ta kuma fayyace cewa jin laifi saboda addini ko tarbiyya kaɗai bai isa a ce mutum yana da wannan larura ba. Fahimtar wannan na da amfani ga mace: wani mijin nasiha da ƙudurin zuciya sun ishe shi, wani kuwa sai an haɗa da likita.

Matakan da muke ba da shawara

Na farko, kada ta yi magana a daren da ta gani, zuciya na tafasa. Ta bari sai ta huce, yara sun yi barci, babu kishiya ko uwar miji a kusa. Ta faɗi abin da ta gani sau ɗaya, a fili, ba da habaici ba. Misali ta ce: “Malam, na ga wani abu a wayarka wanda ya hana ni barci. Ban faɗa wa kowa ba, kai nake son mu yi maganar da kai.” Irin wannan lafazi yana buɗe ƙofa. Kalmomi irin su “fasiƙi” ko “tsohon banza” suna rufe ta, domin namijin da aka tozarta yakan koma kare kansa, ya ƙara wa wayarsa makulli.

Na biyu, ta shirya jin musu. Da yawa za su ce wani ne ya turo, ko su juya maganar su ce me ya kai ta taɓa wayarsu. Kada ta biye wa wannan gardama. Ta nemi abubuwan da ido ke iya gani: ya fita daga zaurukan da ake turo abin, ya goge abin da ke memori, a bar waya tana caji a waje da ɗakin kwana da dare. Alkawarin baki kaɗai ba ya daɗewa, musamman ga wanda ya shekara goma yana yi.

Na uku, kada ta mai da kanta ƴar sandan waya. Suratul Hujurat, aya ta 12, ta hana bin diddigin asirin mutane, kuma macen da ke tashi tsakar dare tana binciken waya ita ce ke fara rasa lafiya da kwanciyar hankali. Gyara aikin mijin ne, nata shi ne ta faɗi gaskiya ta kuma tsaya a kanta. Idan ya yi wata biyu ya sake zamewa, hakan ba ya nufin komai ya rushe. Abin dubawa shi ne ko yana faɗa mata gaskiya, ko kuwa ya koma ɓoyewa.

Na huɗu, rufin asiri ba ya nufin ta haɗiye abin ita kaɗai. Hausawa sun ce barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Ya halatta ta nemi mutum ɗaya mai amana, kamar malamar Islamiyya ko wata gwaggo mai riƙon sirri, domin neman shawara. Abin da muke gargaɗi a kai shi ne kai maganar gidan biki, ko bakin rijiya, ko zauren WhatsApp na ƙawaye, domin maganar da ta fita ba ta dawowa, kuma ƴaƴanta ne za su girma su ji ta. Idan an yi watanni babu canji, sai a bi hanyar da Suratun Nisa'i, aya ta 35, ta shimfiɗa: dattijo ɗaya daga danginsa, ɗaya daga danginta, su zauna su sasanta.

Inda haƙuri ya ƙare

Akwai iyakokin da bai kamata a ce wa mace ta yi haƙuri a kansu ba. Idan miji ya tilasta mata kallo tare da shi, ko ya matsa mata ta aikata abin da ya gani alhali tana ƙi ko yana cutar da ita, wannan cuta ce, kuma malaman Malikiyya sun ba mace damar neman rabuwa saboda cutarwa. Idan ya nemi ya ɗauki hotonta ko bidiyonta a tsiraice, ta ƙi, komai daɗin bakinsa, domin waya tana ɓata, tana zuwa wurin mai gyara, aure ma yana mutuwa. Dokar ƙasarmu ta 9 ga Janairun 2012 kan cin zarafin mata ba ta karɓi aure a matsayin hujjar tilasta wa mace ba, kuma Cibiyar Mata ta Ƙasa, wato INF, wadda aka kafa a 2021, tana karɓar irin waɗannan koke-koke.

Mafi girma shi ne abin da ya shafi yara. A gidajenmu waya ɗaya ce ke yawo daga hannun uba zuwa hannun ɗan shekara biyar mai son wasa. Duk uwar da ta san abin da ke cikin wayar, kada ta bari ta shiga hannun yaro. Idan kuwa hotunan da ta gani na ƙananan yara ne, to maganar ta wuce sirrin aure. Dokar harkokin sadarwar zamani ta 20 ga Afrilun 2018 ta tanadi hukunci a kan haka, kuma kare yaro yana gaba da rufa wa babba asiri.

Kalma ga iyaye da maza

Ga iyayen da ƴarsu za ta zo musu da wannan kuka, muna roƙon kada a sallame ta da “duk maza haka suke.” Kada kuma a gaggauta cewa ƙarin aure ne magani. Wanda idonsa ya saba da sabuwar fuska kowane dare zai shiga ɗakin amarya da ɗabi'arsa, sai masu kuka su zama biyu.

Ku kuma ƴan'uwanmu maza, ku sani matar da ta rufe ƙofa ta yi muku magana a hankali ta yi muku gata, domin tana da ikon tona ku ba ta yi ba. Sharuɗɗan tuba da muka haddace a Ahalari tun muna yara ba su canza ba: nadama kan abin da ya wuce, da niyyar rashin komawa, da barin saɓon nan take. Wanda ya gwada ya kasa, ya nemi malami mai sirri ko likita, kamar yadda zai yi in da ciwon suga ne ya kama shi. Direban da zai kwana a hanya ya kira gida kafin ya kwanta, ya yi hira da iyalinsa, sannan ya ajiye wayar nesa da shimfiɗarsa.

Allah Ya tsare idanunmu da zukatanmu, Ya sanya natsuwa da jinƙai tsakanin ma'aurata, Ya shirya mana zuri'a. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.