Fentin Ƙaramin Jirgin Yaƙi: Sana'ar Da Ke Koyar Da Ido Da Haƙuri

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san motar kara da motar langa-langa. Daga Kazaure zuwa Roni, daga Gwiwa zuwa Babura, da zarar an kawar da amfanin gona kara ya bushe, yara sukan zauna a gindin bishiya da reza da ƙaya, su fere totuwa, su ƙera mota da babur da jirgin sama mai fukafukai har da farfela. Waɗanda suka ɗan tasa sukan koma ga gwangwanin madara da waya da tsohon silifa. Hannu dai akwai shi, basira ma akwai ta. Inda gizo ke saƙa shi ne wajen fenti: jirgin da aka kwana bakwai ana ƙerawa, sai a laɓta masa ragowar fentin ƙofa a cikin minti biyar, ya fito da kauri da dabbare-dabbare, duk ƙananan zane-zanen jikinsa sun nutse. Manufar wannan rubutu ita ce a nuna cewa zaɓen fenti da shafa shi ilimi ne mai zaman kansa, kuma a nan ne wasan yara ke rikiɗewa ya zama horo na fasaha.

A wasu ƙasashe, ƙera samfurin jirgin yaƙi tsohuwar sana'a ce ta yara da manya. Tun cikin shekarun 1930 aka fara sayar da irin waɗannan samfura a Ingila bisa ma'aunin 1/72, wato kowane santimita ɗaya a jikin samfuri yana wakiltar santimita 72 a jikin jirgin gaske. Ke nan jirgin Alpha Jet mai tsawon kimanin mita 13 zai koma santimita 18, ya zauna a tafin hannu biyu. Akwai kuma ma'aunin 1/48 da na 1/32 ga masu son babba. Sharaɗin sana'ar ɗaya ne: samfuri ya yi kama da wani jirgi takamaimai, na wata runduna, a wata shekara. Siffa ita ke faɗin ƙirar jirgi, amma launi da tambari da lamba su ke faɗin mai shi da lokacinsa.

Idan batun tarihi ne, ba sai mun je aro ba. A ranar 1 ga Nuwamba, 1925, jirage uku na sojojin saman Birtaniya ƙirar DH.9A suka sauka a Kano daga Masar. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1940, dubban jiragen yaƙi da aka harhaɗa a Takoradi ta ƙasar Gana ta yau sun bi ta Kano da Maiduguri kan hanyarsu ta zuwa Alƙahira. An kafa rundunar sojan saman Nijeriya a 1964, kuma a Kano aka sauke jiragen MiG-17 na Tarayyar Sobiyat a 1967, farkon yaƙin basasa. A ɗaya ɓangaren, a watan Mayun 1969, wani matuƙi ɗan Suwidin mai suna Carl Gustaf von Rosen ya kai wa filayen jiragen gwamnatin tarayya hari da ƙananan jirage biyar ƙirar MFI-9B, waɗanda aka yi wa fentin ɓad-da-kama domin su saje da dajin kudu. Jiragen Alpha Jet sun yi aiki a Laberiya ƙarƙashin ECOMOG a shekarun 1990, sannan a watan Yulin 2021 rukunin farko na jiragen A-29 Super Tucano guda shida ya iso ƙasar nan, shi ma ta Kano. Da yawa daga cikin waɗannan abubuwa sun faru ne a birnin da bai kai tafiyar awa biyu daga Kazaure ba, amma yaronmu idan ya tashi yin fenti, jirgin da ya gani a fim ɗin Amurka yake kwaikwaya.

Launin jirgin yaƙi ba don ƙawa ake zaɓarsa ba. Jiragen Birtaniya da suka yi yaƙi a hamadar Arewacin Afirka an shafa wa bayansu ruwan ƙasa mai duhu da ruwan rairayi, cikinsu kuma shuɗi mai haske, domin wanda ya hango su daga sama ya ɗauka ƙasa ce, wanda ya ɗaga kai daga ƙasa kuma ya ɗauka sararin samaniya ne. Mai fentin samfuri dole ya fahimci wannan dalili kafin ya buɗe gwangwani.

A nan ne harshe ke shigowa. Hausa tana da fari da baƙi da ja, da shuɗi da kore da rawaya, sannan ta cike sauran da kwatance: ruwan toka, ruwan goro, ruwan ɗorawa, ruwan makuba, ruwan ƙasa. Wannan arziki ne, amma mu tambayi kanmu: idan an ce ruwan ƙasa, wace ƙasa? Marmarar da ke gindin duwatsun Kazaure da Roni, ko farin rairayin jigawar Babura? Idan an ce kore, na tsanwar gero a watan Agusta, ko na ganyen darbejiya da ƙura ta rufe a watan Janairu? Turawa ma sun yi karo da wannan matsala a nasu harsunan, shi ya sa suka koma ga lamba. Birtaniya tana da kundin launuka mai suna BS 381C, Amurka ta fito da FS 595 a 1956, Jamus kuma ta yi amfani da lambobin RLM a zamanin yaƙi. Yaron da ya koyi cewa launi yana da suna a baka, yana kuma da lamba a takarda, ya koyi ma'anar ƙa'ida a aikin injiniya tun bai san sunanta ba.

To, wane fenti za a zaɓa? Iri uku ne. Na farko shi ne fentin mai, wanda kamfanin Humbrol ya yi suna a kansa da 'yan gwangwanayensa. Yana kwanciya lafiya da buroshi, yana da ƙarko, amma yana bukatar kwana guda kafin a ƙara wani a kansa. Na biyu shi ne akirilik, irin na Tamiya ta Japan da Vallejo ta Sifen, wanda ake tsinka shi da ruwa ko da nasa sinadarin. Yana bushewa da wuri, warinsa kaɗan ne, shi ya fi dacewa da ɗalibai. Na uku shi ne laka, dangin wanda masu fentin mota ke fesawa. Ya fi kowanne ƙarfi da santsi, amma tinarsa tana da zafi, tana cin roba, tana narkar da soso. Ƙa'idar da ba a karyawa ita ce: mai zafi a ƙasa, mai sanyi a sama. Wanda ya fesa laka a kan fentin mai zai ga aikinsa ya tattare kamar fatar tsohuwar jaka. Ba kasafai ake samun waɗancan sunaye a kasuwanninmu ba, amma akirilik na masu zane da ake sayarwa a shagunan kayan makaranta yana biyan bukata, in an iya tsinka shi.

Kafin fenti akwai shiri. Roba a wanke ta da ruwan sabulu domin maiƙon hannu yana hana fenti kamawa. Gwangwani a goge shi da samfefa mai laushi har ƙyallinsa ya dushe. Kara da katako kuwa shan fenti suke yi, sai a fara shafa musu gam ɗin kafinta da aka tsinka da ruwa, a bari ya bushe. Daga nan a yi shimfiɗar farko da ruwan toka mai haske, wadda ke riƙe fentin da zai biyo baya, ta kuma tona asirin duk wata tsaga da ido bai gani ba.

Shafawar kanta haƙuri take so. A tsinka fenti har ya yi ruwa-ruwa kamar madara. Shafa uku marasa kauri sun fi shafa ɗaya mai kauri, ko da ta farko ta fito kamar ba a yi komai ba. A fara da launi mai haske, a ƙare da mai duhu. A fara da cikin jirgi, a koma bayansa. Inda launi biyu suka haɗu a manna tef na takarda, a danne bakinsa, a ja buroshi daga kan tef zuwa waje domin kada fenti ya kurɗa ƙarƙashi. Gwanaye sukan ƙara ɗigon fari a kowane launi, saboda kallon samfurin 1/72 daga nisan mita ɗaya daidai yake da hango jirgin gaske daga mita 72, kuma nisa yana kashe kaifin launi. Tambarin sojan samanmu, da'irar kore da fari da kore, a kan jiki mai sheƙi ake manna shi domin kada iska ta maƙale a ƙarƙashinsa, sannan a rufe jirgin duka da shafa marar sheƙi, tunda jirgin yaƙi ba ya son ƙyalli.

Akwai abin da littattafan Turai ba za su gaya wa ɗan Jigawa ba, wato yanayinmu. Lokacin hunturu ƙura ita ce babbar abokiyar gaba: a yayyafa ruwa a ƙasa kafin a fara, a kife kwali ko kwano a kan jirgi da zarar an gama. Da bazara, sa'ad da zafi ke haura digiri 40, akirilik yakan bushe a bakin buroshi kafin ya taɓa jiki, don haka bayan asuba ya fi. Da damina kuwa laima takan sa laka ta yi hazo-hazo, sai a jira rana ta buɗe. Sai kuma lafiya, wadda ita ce uwar jiki. Kada a tsinka fenti da fetur, kada a yi feshi a ɗaki rufe ko kusa da murhu, kada yaro ya lashi buroshi don ya tsuke bakinsa, domin wasu fentin gida da na ƙarfe suna ɗauke da dalma, ita kuwa illarta ga ƙwaƙwalwar yaro ba ta gyaruwa.

Wani zai ce me ya haɗa mu da wasan jirgi alhali ga matsaloli jibge? Amsar ita ce, abin da wannan wasa ke koyarwa, wato awo da bin ƙa'ida da binciken tarihi da jiran abu ya nuna, shi ne ainihin abin da muke kuka da rashinsa a gine-ginenmu da garejojinmu. Kazaure tana da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu, ga makarantun sakandare a Roni da Gwiwa da Babura. Ba abin da zai ci kuɗi ba ne a kafa ƙungiyoyin ƙere-ƙere, a gayyato masu fentin mota su nuna hannu, malaman tarihi su kawo hotuna, a shirya gasa sau ɗaya a shekara a kan jiragen da suka taɓa sauka a ƙasarmu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya ba shugabanni da iyaye ikon lura.