Shin Ko Kun San? Rigimar Kabeji a Gefen Soyayyar Kaza

Shin ko kun san cewa a cikin abubuwan da gidajen abincin nan-take na Amurka ke ɗorawa a gefen soyayyar kaza, da wuya a samu wanda ya raba kawunan masu saye kamar ɗan kofin kolslo? Yankakken kabeji ne da ɗan karas, a cuɗa da bama, sukari da ruwan khal. Wani in babu shi kazar ba ta shiga masa, wani kuwa ko murfin ba ya buɗewa.

Hatta wanda ya kafa KFC da kansa ya taɓa kushe na kamfanin. Kanar Harland Sanders ya sayar da kamfanin a 1964 kan dala miliyan 2, amma hotonsa ya ci gaba da zama a jikin kwali, bakinsa kuma bai mutu ba. A 1976 ya shiga wani reshe a New York tare da Mimi Sheraton, mai sharhin abinci ta jaridar New York Times, ya bi abincin ɗaya bayan ɗaya yana faɗa. Da ya zo kan kolslo, ƙorafinsa uku ne: a daddatsa kabejin ƙanana maimakon a yi masa dogon yanka, a haɗa shi da Miracle Whip, wani haɗi mai kama da bama, don kada launinsa ya dushe, kuma kada a sa karas ko kaɗan. A yau na KFC a Amurka daddatse yake, amma karas na nan ciki.

Ko kun san kamfanin Chick-fil-A na jihar Jojiya ya janye kolslo daga jerin abincinsa a watan Janairun 2016, bayan shekara 49 yana sayarwa? Ya maye gurbinsa da wani haɗin ganye da ake gani ya fi amfani ga jiki. Masoyan tsohon haɗin suka yi ca, kamfanin kuma ya wallafa musu yadda ake yinsa domin kowa ya haɗa a gida.

Labarin Raising Cane's ya fi ban mamaki. Gidan kaza ne da aka buɗe a Baton Rouge a 1996, kuma sananne ne cewa masu saye da yawa kan ce a cire musu kolslo a ƙara musu gasasshen burodi. Todd Graves, wanda ya kafa gidan, ya faɗa da bakinsa cewa shi ma haka yake yi, don ba ya son kolslo. Duk da haka bai cire shi ba.

Shin ko kun san asalin haɗin babu bama a ciki? 'Yan Holan da suka zauna a yankin New York ne suka zo da shi. Pehr Kalm, masanin tsirrai ɗan Suwidin, ya rubuta cewa a 1749 mai masaukinsa a garin Albany ta ba shi siririn yankan kabeji da ruwan khal, mai, gishiri da masoro. Bama ta mamaye shi ne daga baya, lokacin da irin su Richard Hellmann, Bajamushen da ya buɗe kanti a New York a 1905, suka fara sayar da ita a kwalba. Har gobe a garin Lexington na Karolina ta Arewa ana yin jan kolslo da kecaf da khal, ba ɗigon bama. Ke nan masu cewa maiƙon ne ke ginsar su suna da tarihi a bayansu.

To, me ya sa mutum biyu za su sayi kofi iri ɗaya, ɗaya ya yaba ɗaya ya tofar? Amsa ta farko tana cikin agogo. Fiye da kashi 90 cikin 100 na kabeji ruwa ne. Da zarar gishiri da sukari sun taɓa shi, sai su fara jawo ruwan waje. Wanda ya saya da rana zai ji ƙaras-ƙaras a baki, wanda ya zo da daddare sai ya tarar da laushin kabeji yana iyo cikin farin ruwa tsararo. Daddatsawa ƙanana tana ƙara saurin wannan, domin ta fasa ganyen ta kowane ɓangare. Haka kuma yanka yana haɗa wasu sinadarai biyu da ke zaune a rarrabe cikin ganyen, su haifar da ɗan yajin nan da warin da kabeji ke yi in ya kwana. Shi ya sa gwanayen girki kan barbaɗa wa kabeji gishiri tun farko, su bar shi ya tsane, su matse, sannan su zuba bama.

Amsa ta biyu tana kan harshe. A 1931 garin wani sinadari mai suna PTC ya tashi a ɗakin binciken Arthur Fox na kamfanin DuPont. Abokin aikinsa ya koka da ɗaci, shi kuwa Fox bai ji komai ba. Sai a 2003 aka gano ƙwayar gadon da ke jawo wannan bambanci, TAS2R38. Kusan kashi 70 cikin 100 na mutane ne ke jin ɗacin, kodayake adadin ya bambanta daga al'umma zuwa al'umma, kuma kabeji da danginsa na ɗauke da sinadarai masu kama da shi. Saboda haka in yaronki ya ce kabeji da ɗaci, Hajiya, wataƙila gaskiyarsa ce.

Ni a ganina laifin da ya fi yawa na sukari ne. Aikin kolslo a gefen kaza shi ne tsaminsa da sanyinsa su wanke maiƙo daga baki, kamar yadda ɗanyar albasa da tumatir ke yi wa tsire. In aka cika masa zaƙi da bama ya zama maiƙo a kan maiƙo, ya bar aikin da aka kawo shi ya yi. Abin na yi mini ciwo, domin kabeji mai kyau bai cancanci haka ba.

A nan gida ma ya samu gindin zama. KFC ta shigo Najeriya ta Legas a 2009, amma tun kafin nan haɗin kabeji da karas ya saba zama gefen jalof da soyayyar shinkafa a bukukuwa, ga kabejin Jos na cika kasuwanni. Muna kuma da namu na gado: kwaɗon kabeji da garin ƙuli-ƙuli, wanda ƙulin ke shanye ruwan da ganyen ya saki.

Shin ko kun san kolslo ne ya tabbatar wa likitoci cewa ƙwayar cutar listeriya na yaɗuwa ta abinci? A 1981 mutum 41 suka kamu a gabashin Kanada, akasarinsu masu juna biyu da jarirai, da dama suka rasu. Aka bi sawu har gonar kabejin da aka zuba wa takin tumaki masu cutar, aka kuma adana amfanin a ɗakin sanyi, inda ita wannan ƙwayar ke iya ci gaba da hayayyafa. Bama ta kwalba da ake yawan zargi tana da tsamin da ke hana ƙwayoyin cuta sakewa. Haɗarin ya fi zuwa daga ganyen da ba a wanke ba, da hannu, da wuƙa, da zaman jira a waje. Ƙa'idar masana ita ce kada haɗin ya wuce awa 2 a wajen firiji, in kuma zafi ya haura digiri 32, awa 1 kacal. A Kano ko Maraɗi cikin watan Afrilu, wannan na nufin a bar kabejin daban, bama daban, sai an fara zuba wa baƙi abinci a haɗa.