Zogale da Batun "Ƙara Garkuwar Jiki": Kalmomi da Abin da Ke Bayansu

1.0 Gabatarwa

A kasuwannin Yamai, Maraɗi da Kano ana sayar da garin zogale a leda da kwalba, wani lokaci ma a cikin ƙwanso kamar maganin bature. Mafi yawan masu tallarsa kan ce yana ƙara garkuwar jiki, yana kuma hana ciwon sukari da hawan jini. Wannan takarda za ta dubi kalmomi uku da irin wannan talla ta dogara a kansu, wato magani, rigakafi da garkuwar jiki, sannan ta auna su da abin da bincike ya tabbatar game da zogale. Ɗalibin Hausa na iya zama mai fassara a asibiti ko a gidan rediyo, kuma kalmar da ya zaɓa tana iya sa majiyyaci ya riƙe maganinsa ko ya yar da shi.

2.0 Kalmomin uku

Kalmar magani tana da faɗi ƙwarai. Maganin zazzaɓi warkarwa yake yi, maganin ɓera kisa, maganin bindiga kuwa tsari ne. Ruwa maganin ƙishirwa ne, haƙuri kuma maganin zaman duniya. Saboda haka idan Bahaushe ya ce zogale magani ne, bai fayyace ko warkarwa yake nufi ko tsari ko dai amfani ga jiki ba. Mai talla yana cin moriyar wannan faɗin ma'ana.

Rigakafi harɗaɗɗiyar kalma ce daga riga, wato gabata, da kafi, wato shingen da ake yi wa gari ko tsarin da ake binnewa a gida. Ma'anarta ke nan a kafe kafin masifa ta iso. A yau an fi jin ta a kan allurar yara.

Garkuwar jiki sabuwar ƙira ce. An aro garkuwar mayaƙi aka ba tsarin da jiki ke kare kansa da shi, kuma ta yaɗu ne ta kafofin watsa labarai lokacin yaƙi da kanjamau, wadda a Nijar aka fi sani da sida. Siffantawar ta yi kyau, amma tana da illa guda. Garkuwar fata in an ƙara mata kauri ta ƙara tsari, ta jiki kuwa ba haka take ba. Aiki ne na haɗin gwiwa tsakanin fata, fararen ƙwayoyin jini, ɓargo, saifa da kaluluwa. Idan aikin ya wuce kima, jiki kan juya ya yaƙi kansa, kamar yadda ke faruwa a nau'in farko na ciwon sukari. Abin da ake nema shi ne daidaito.

3.0 Abin da zogale ya ƙunsa

Asalin zogale, wanda masana tsirrai ke kira Moringa oleifera, arewacin Indiya ne, a gindin duwatsun Himalaya. A wasu sassan Nijar ana ce masa tamakka. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin busasshen ganyensa furotin ne. Yana ɗauke da kalsiyam, da sinadarin ƙarfe mai gina jini, da wani sinadari da jiki ke mayarwa bitamin A. Ɗanyen ganyen yana da bitamin C, sai dai tafasa da shanya suna lalata mafi yawansa. Hasken rana ma yana rage sinadarin bitamin A, shi ya sa ake son a shanya ganyen a inuwa. Shi wannan sinadari a cikin maiƙo yake narkewa, don haka kwaɗon zogale da ƙuliƙuli da ɗan mai ya fi gari a ruwan zafi amfani ta wannan fuska.

A nan ne alaƙarsa da garkuwar jiki take. Yaron da ke fama da ƙarancin bitamin A yakan yi dundumi, kuma ƙyanda da gudawa sun fi yi masa mugun kamu. Dalili ke nan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa ba yara ƴan wata 6 zuwa 59 ɗigon bitamin A duk bayan wata 4 zuwa 6 a ƙasashen da ƙarancin ya yi yawa. Ganye irin zogale yana taimakawa wajen toshe wannan giɓi. To amma wanda jikinsa bai rasa komai ba, ƙarin cokali biyar ba zai ninka masa tsari ba, kamar yadda tulun da ya cika ba ya karɓar ƙarin ruwa.

4.0 Cututtuka masu daɗewa

Game da sukari da hawan jini, yawancin gwaje-gwajen zogale a kan ɓeraye aka yi su. Waɗanda aka yi a kan mutane ƙanana ne, na gajeren lokaci, sakamakonsu kuma ya sha bamban. Ba su isa hujjar cewa yana hana waɗannan cututtuka ba.

Akwai kuma darasi daga Finlan. A 1994 aka fitar da sakamakon gwaji a kan maza masu shan taba kusan 29,000. Waɗanda aka ba ƙwayar sinadarin nan da ke zama bitamin A sun fi sauran kamuwa da sankarar huhu da kashi 18 cikin ɗari. Abin da ke da amfani a cikin ganye bai zama dole ya yi amfani ba idan aka tace shi aka dunƙule a ƙwaya. A ɗaya ɓangaren, wani bincike a Amurka da aka buga a 2002 ya nuna cewa masu haɗarin kamuwa da sukari sun rage haɗarin da kashi 58 cikin ɗari ta hanyar rage ƙiba da motsa jiki na minti 150 a mako. Don hawan jini kuwa, shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada gishirin babba ya kai giram 5 a rana, har da wanda ke cikin dunƙulen miya.

Haɗari mafi girma shi ne barin maganin likita. A 2007 shugaban Gambiya na lokacin, Yahya Jammeh, ya yi iƙirarin warkar da kanjamau da haɗin ganyayyaki, aka sa majiyyata suka daina shan maganinsu, wasu daga cikinsu suka rasu. Haka kuma ba duk sassan zogale ne abinci ba. Saiwa da ɓawonsa suna da sinadarai masu cutarwa, mai juna biyu ta nisance su.

5.0 Kammalawa

Zogale abinci ne mai gina jiki, mai araha, mai jure fari, kuma ya cancanci gurbinsa a tukunya. Mai fassara ya kira shi da wannan suna. Inda rubutu ya ce ganye yana cike abin da jiki ya rasa, kada a fassara da yana ƙara garkuwar jiki, kada kuma a ce yana maganin cuta sai in abin da aka faɗa ke nan.

Aiki

1. Kawo jimloli biyar da kalmar magani, kowace da ma'ana daban.
2. Saurari tallar maganin gargajiya guda ɗaya a rediyo ko a kasuwa, ka rubuta aikatau da aka yi amfani da su, ka bayyana alkawarin da kowanne ya ɗauka.