TSEREN KEKE NA BMX A MATSAYIN WASAN IYALI: MATSALAR FILI A YANKIN DARETA

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne bayyana yadda iyali za su fara shiga wasan tseren keke da ake kira BMX, tare da duba ko zai karɓi ƙauyuka irin su Dareta da ke Ƙaramar Hukumar Anka. Hujjar da za a kafa ita ce, a wasu ƙasashe mai son wannan wasa da sayen keke yake farawa, amma a Dareta tilas ne ya fara da binciken ƙasar da za a yi tseren a kanta.

2.0 Asalin wasan da yadda ake yin sa

Wasan ya samo asali ne a kudancin Kalifoniya ta ƙasar Amurka, wajen ƙarshen shekarun 1960 da farkon 1970. Yara ne suka ga manya suna tseren babur a kan tuddai, su kuwa ba su da babur, sai suka riƙa kwaikwayo da kekunansu a kangon fili. An kafa ƙungiyar duniya ta wasan a 1981, aka yi gasar duniya ta farko a 1982, sa'an nan aka shigar da shi wasannin Olamfik a birnin Beijin a 2008. A nahiyarmu kuwa, Afirka ta Kudu ta karɓi gasar duniya a garin Pietermaritzburg a 2010.

Tsarinsa ba shi da wuya. Mutum takwas ne suke tashi tare daga kan wani tudu, su bi hanyar ƙasa mai tsawon mita 300 zuwa 400, wadda aka yi wa ƙananan tuddai da kwanoni masu gangare. Cikin ƙasa da minti ɗaya gwanaye sun gama. Keken ƙarami ne, faɗin ƙafarsa inci 20, giyarsa ɗaya tak, ba kariya, ba fitila, ba wani ƙarfe da zai soki yaro idan ya faɗi. Doka ce mahayi ya sa hular kwano mai rufe haɓa, da riga mai dogon hannu, da dogon wando, da safar hannu.

Abin da ya sa ake ce masa wasan iyali shi ne ana raba mahaya bisa ga shekarunsu, tun daga 'yan shekara biyar har zuwa magidanta. Watau uba da ɗa suna iya yin tsere rana ɗaya a fili ɗaya, kowa da tsararsa. Mata ma ba a bar su a baya ba: Mariana Pajón ta ƙasar Kolombiya, wadda ta fara tun tana ƙaramar yarinya, ta ci zinariya a Olamfik na 2012 da na 2016.

3.0 Abin da muke da shi

Keke ba baƙo ne ba a ƙasar Hausa. Tun zamanin Raleigh da Phoenix ya zama abin hawan malami da ɗan kasuwa, kuma da wuya a sami kasuwar ƙauye tsakanin Anka da Bukkuyum da Gummi wadda ba mai faci a cikinta. Ƙaramin keken yara na hannu, idan an cire masa kariya aka ɗaure birki sosai, ya isa mai koyo. A ganina hular kwano ce kaɗai bai kamata a yi rangwame a kanta ba. Gara yara biyar su yi karɓa-karɓa da hula ɗaya a kan su hau kai tsirara. Mutanen da suka saba da sukuwa ranar salla ba sai an koya musu daɗin kallon tsere ba.

4.0 Matsalar ƙasa

A nan ne maganar take. Filin BMX ƙasa ce zalla: ana tono ta, a tara, a daddaɓe, taya kuma ta riƙa tayar da ita ƙura. To, a shekarar 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka gano cewa yara suna mutuwa da yawa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum saboda gubar dalma. Duwatsun da ake haƙowa don neman zinariya suna ɗauke da dalma mai yawa, ana kawo su cikin gari, a daka a turmi ko a niƙa a injin niƙa, sau da yawa a tsakar gida. Ƙurar ta zauna a ƙasa, yara suka haɗiye ta. An ƙiyasta yara kimanin 400 suka rasu. Dareta da 'Yargalma su ne ƙauyukan da aka fara share wa ƙasa a wannan shekara, ta hanyar kankare saman ƙasar da ta gurɓata, a binne ta a rami, a shimfiɗa mai tsabta. Bagega, wadda ta fi su girma, sai a 2013 aka yi mata.

Daga wannan tarihi za a fahimci abubuwa da dama game da fili. Sharar da aka yi ta saman ƙasa ce, kuma an fi mai da hankali ga gidaje da wuraren taruwar jama'a. Wanda ya kafa fatanya ya tono ƙasa don yin tudu yana iya fito da abin da aka rufe. Kangon bayan gari kuwa, wanda shi ne hankali zai fara kaiwa gare shi, wataƙila a can aka yi niƙa ko shanya. Haka nan al'adarmu ce a ɗebi ƙasar gini a bakin kududdufi, alhali a cikin irin waɗannan kududdufai aka riƙa wanke garin dutsen. Saboda haka ƙasarsu ba ta yi, ruwansu ma bai yi a yayyafa wa fili ba.

Ido ba ya gane ƙasa mai dalma. Akwai na'urar hannu da ake kira XRF, wadda aka yi amfani da ita lokacin sharar, tana nuna adadin dalma nan take. Ma'aunin da Amurka ta daɗe tana bi ga wurin wasan yara shi ne kashi 400 cikin miliyan, aka kuma sami wurare a waɗannan ƙauyuka da suka ninka haka fiye da sau ɗari. Lalle ne a auna fili kafin a fara, a auna ramin da za a ɗebo jar ƙasa, a kuma sake aunawa lokaci-lokaci, domin muddin ana sarrafa dutse a kusa, iska da takalma suna iya maido da ƙurar.

Wani abin lura kuma, mahayi ɗan shekara goma ba shi ne ya fi shiga haɗari ba. Ƙanensa ɗan shekara biyu da aka zaunar a gefen fili, yana wasa da ƙasa yana kai hannu baki, shi ne abin ji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa jikin ƙaramin yaro yana tsotse dalmar da ya haɗiya ninki huɗu zuwa biyar na jikin babba. A wasan da ake gayyatar gida duka, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

5.0 Rabon aiki a gida

Idan fili ya tabbata mai tsabta, sauran aikin na gida ne. Uba da samari su daddaɓe tuddai, a fara da gajeru waɗanda taya za ta bi ta kansu ba tare da tsalle ba. A shimfiɗa tabarma ga ƙanana nesa da inda iska take kai ƙura. A wanke hannu da sabulu kafin a taɓa abinci, kada kuma a bari masu talla su buɗe kayansu a bakin hanya. Tufafin tsere a kakkaɓe su a waje, a wanke daban. Lokacin da ya fi dacewa shi ne kaka, sa'ad da ƙasa take da sauran danshi; da hunturu ya kama, sai an yi yayyafi da ruwan burtsatse kafin kowane tsere.

Dangane da wuri, filin makarantar firamare ya fi kangon daji, musamman ganin halin rashin tsaro da yankin ya sha fama da shi. Yana cikin gari, malamai suna gani, kuma ya fi sauƙi shugaban makaranta da hakimi su nemi ma'aikatan muhalli da na lafiya su zo su auna shi.