Rediyon Sha'awa a Zaman Ƙetare

Rediyon sha'awa hanya ce ta sadarwa da mutum ke kafa ƙaramar tasha a gidansa, ya yi magana da takwarorinsa na nesa ba tare da layin waya ko intanet ba. Ba a neman kuɗi da ita, ba a sa waƙa, ba a kuma watsa shirye-shirye ga jama'a. Kayan aikin su ne na'ura mai aikawa da karɓar saƙo, da eriya, da wutar lantarki. Yawancin hirar nesa a gajeren zango ake yin ta, wato inda masu sauraro suka saba kama sashen Hausa na BBC. Igiyoyin wannan zango sukan doki wani sashe na sararin samaniya su dawo ƙasa, shi ya sa murya ke tsallake teku.

Ga wanda aiki ko karatu ya kai wata ƙasa, abu na farko shi ne lasisi, domin kowace gwamnati ita ke da iko da sararin ƙasarta. Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, mai hedikwata a Geneva, ita ke raba wa ƙasashe haruffan da lambar kiran kowace tasha ke farawa da su: Najeriya 5N, Nijar 5U, Ghana 9G, Jamus DL. Da jin lambar an san inda mai magana yake. A Turai, yarjejeniyar CEPT ta 1985 ta ba mai lasisin ƙasashen da suka shiga cikinta damar aiki a ɗan gajeren zama, sai ya sa harafin ƙasar da ya sauka a gaban lambarsa, kamar F a Faransa. Wanda zai daɗe kuwa sai ya nemi lasisin ƙasar, ko dai da takardar jarrabawar da ya ci a gida idan an amince da ita, ko ya sake zama jarrabawa. Tun 2003 dokar duniya ta daina tilasta sanin rubutun Morse. Akwai ƙasashen da ba sa bai wa kowa izini, kamar Koriya ta Arewa, kuma shiga da na'ura wasu wuraren ba tare da takarda ba kan sa a ƙwace ta ko a tsare mai ita.

Matsala ta biyu ita ce masauki. Baƙo yawanci a gidan haya yake, kuma mai gida ba ya son a kafa masa ƙarfe a rufi. Saboda haka wasu kan miƙa siririyar waya daga taga, wasu su fita fili da batir. Ga mai ƙaramar eriya, tsarin FT8, wanda ya fito a 2017 da hannun masanin kimiyya Joe Taylor, yana haɗa kwamfuta da rediyo ya tsinto saƙon da kunne ba zai ji ba. Tauraron ɗan Adam na Qatar, Es'hail-2, da aka harba a 2018, yana ɗauke da kafar masu wannan sha'awa, kuma yana kaiwa daga Brazil har Thailand, da Afirka baki ɗaya.

Ribar kuwa mai yawa ce. Ƙungiyoyin da ke ƙarƙashin IARU, ƙungiyar masu rediyon sha'awa ta duniya wadda aka kafa a Paris a 1925, sukan karɓi baƙo, su taimaka masa da takardu, su kuma buɗe masa tashar kulob. Nan yake samun abokai 'yan ƙasa waɗanda ba na wurin aiki ba. Idan ƙasar da yake zaune ba ta da masu tashoshi da yawa, sai a yi ta rububin kiransa, domin masu neman lambar yabo ta DXCC suna buƙatar shaidar magana da ƙasashe da yankuna 100 daga cikin 340. Daga cikin shaidun akwai katin QSL da ake aika wa juna bayan hira.

A bisa al'ada ana kauce wa gardamar siyasa da addini a kan iska, doka kuma ta hana ɓoye ma'anar saƙo. Wannan ladabi shi ke sa hukumomi su amince da baƙo mai riƙe da na'urar aika saƙo, kuma kiyaye shi ne ke sa a ba wa wanda zai zo bayansa lasisi.