Maiƙon Rumfar Hayaƙi da Na'urar Kashe Gobara a Manyan Ɗakunan Girki

Da sanyin safiyar ranar 12 ga Disamba, 1997, gobara ta tashi a rufin sashe na ɗaya na filin jirgin saman Heathrow da ke Landan. Ba a rasa rai ba, amma sai da aka soke tashin ɗaruruwan jirage, matafiya suka yi cirko-cirko. Da aka bi diddigi, sai aka tarar wutar ta samo asali ne daga maiƙon da ya taru cikin bututun fitar da hayaƙi na wani gidan sayar da abinci da ke cikin ginin. Bayan shekara goma, a ranar 29 ga Agusta, 2007, irin wannan gobara ta auku a gidan abinci na Tai Ho a birnin Boston na Amurka. Maiƙon da ya tsiyayo daga bututu ya daɗe yana ci tsakanin silin da rufi ba tare da kowa ya ankara ba, har silin ɗin ya rufto, 'yan kwana-kwana biyu suka rasa rayukansu. Bayan wannan rashi ne hukumomin birnin suka wajabta cewa mai shaidar ƙwarewa kaɗai zai riƙa wanke irin waɗannan bututai.

Abin da ya haɗa gobarar biyu shi ne maiƙo, wanda yawancin mutane ke ɗauka ƙazanta ce kurum.

Daga kasko zuwa rufi

A manyan ɗakunan girki, irin na otal-otal da asibitoci da gidajen abinci na zamani, akan kafa wata rumfa ta ƙarfe a saman murhu, wadda ake kira rumfar hayaƙi. Daga cikinta bututu yake tashi ya bi ta silin ya ɓulla a rufi, inda wata babbar fanka take zuƙe hayaƙi da tururi ta watsar waje. A bakin rumfar akwai faya-fayen ƙarfe masu lanƙwasa, waɗanda ke tilasta wa iska ta karkace kafin ta wuce. Iska takan juya da sauƙi, su kuwa ɗigon mai masu nauyi sai su bugi ƙarfen su gangara cikin wani ɗan kwano. To, amma ƙananan ɗigo da man da ya zama tururi sukan kuɓuce. Da zarar sun isa inda bututu ya yi sanyi sai su daskare a jikinsa, kamar yadda gumi ke taruwa a ƙarƙashin murfin tukunya.

Wannan maiƙo ba ya zama yadda ya shiga. Kowace ƙwayar mai ta ƙunshi gilisarol guda ɗaya da sarƙoƙi uku na asid mai maiƙo a rataye da shi. Man gyaɗa da man waken soya da danginsu suna da wasu gurabu a sarƙoƙin nan da iskar oksijin take iya kamawa. Idan zafi ya haɗu da iska, sarƙoƙin sukan ɗaure da juna, ruwan mai ya koma danƙo, danƙo kuma ya koma ɓawo mai tauri. Ta wannan hanya ce fentin mai yake bushewa a jikin ƙofa. Ɗalibin da ya taɓa kankare bayan kaskon tuyar ƙosai ya san irin taurin kan wannan ɓawo, wanda ruwa da soso ba su yi masa komai. Shi ne ke lulluɓe cikin bututu mai tsawon mita da yawa, ga kuma fanka tana hura masa iska ba dare ba rana. Harshen wuta ɗaya daga kasko ya ishe shi.

Dalilin da ya sa ruwa da hoda suka gaza

Ana suya ne a zafin da ya kai digiri 175 zuwa 190 a ma'aunin Selshiyas. Idan aka mance da kasko a kan wuta, ko ma'aunin zafinsa ya lalace, man zai yi ta hawa har ya wuce digiri 360, inda yakan kama da kansa ba tare da an kusanto masa da ashana ba. Zuba ruwa a wannan hali ganganci ne babba. Ruwa ya fi mai nauyi, saboda haka yakan nutse ƙasa, nan take ya zama tururi, girmansa ya ninka kusan sau 1,700, ya yi tsartuwa da man da ke ci zuwa ko'ina.

A da, na'urorin da ake kafawa cikin rumfa hoda suke fesawa, kuma ta yi amfani a zamanin da ake suya da kitsen dabba, wanda yake kamawa a zafin da bai kai na man tsirrai ba. Sai abubuwa biyu suka sauya. Gidajen abinci suka koma ga man tsirrai saboda gargaɗin likitoci game da kitse da ciwon zuciya, masu ƙera kaskon suya kuma suka riƙa lulluɓe shi da abin riƙe zafi don tsimin gas. Sakamakon haka, hoda takan kashe harshen wuta, amma man yana nan da zafinsa, bayan ɗan lokaci sai ya sake kamawa. Wannan ya sa a 1994 hukumar gwajin kayayyaki ta Underwriters Laboratories a Amurka ta soma aiki da sabon ma'auni mai suna UL 300. A gwajinsa akan bar man da ke kamawa a digiri 363 ko fiye ya ci na minti biyu cur kafin a saki maganin, kuma dole wutar ta mutu ba ta dawo ba. Hoda ta kasa tsallake wannan siraɗi. A 1998 aka ware wa gobarar man girki rukuni nata na daban, wanda Amurkawa ke yi wa alama da harafin K, a Turai kuma harafin F.

Abin da ya maye gurbin hoda ruwa ne da aka narkar da gishirin fotashiyam a ciki, dangin ruwan toka. Yadda yake aiki ba baƙon abu ba ne ga matan da ke haɗa sabulun salo, domin su ma ruwan toka suke dafawa da mai har ya zama sabulu, kuma fotashiyam ɗin da ke cikin tokar ne ke yin aikin. Masanin Faransa Michel Eugène Chevreul ne ya bayyana sirrin a littafinsa na 1823 kan kitsen dabbobi: sinadarin yakan raba sarƙoƙin asid daga gilisarol, sarƙoƙin su zama sabulu. Idan aka fesa ruwan nan a hankali kan man da ke ci, saman man yakan rikiɗe ya zama kumfar sabulu mai kauri da ke toshe wa wuta iska, ruwan da ke cikinsa kuma yana ƙafewa yana janye zafi. Wato dai na'urar tana dafa sabulu ne a cikin kasko, cikin 'yan daƙiƙoƙi.

Ƙananan sassa masu babban aiki

Ginin na'urar ba shi da wuyar fahimta. Akwai tankin ruwan maganin a jikin bango, da wata 'yar tukunya mai matsattsiyar iskar naitirojin ko kabon-dayoksaid da za ta tura shi. Siraran bututai sun bi cikin rumfa, kowane ya ƙare da kan feshi: wasu suna kallon murhu da kasko, wasu suna bayan faya-fayen tace maiƙo, wani kuma yana kallon cikin bututun hayaƙi. Sa'an nan akwai igiyar ƙarfe a ɗaure tamau, wadda aka sarƙafa mata wasu mahaɗai masu narkewa. Kowane mahaɗi ƙarfe biyu ne da aka manne da dalma mai narkewa a wani ƙayyadadden zafi. Wanda aka fi sawa a saman kasko yakan rabu a digiri 182. Da ya rabu igiya ta saki, ƙusa ta huda 'yar tukunyar iska, magani ya fito, a lokaci guda kuma gas da lantarkin murhu su yanke. Akwai kuma mariƙi kusa da ƙofar fita, wanda ma'aikaci zai ja da hannu idan ya riga na'urar ganin wuta.

Mai karatu zai lura cewa duk waɗannan sassa suna zaune ne a daidai hanyar da maiƙo yake bi. Ramin kan feshi ƙanƙane ne ƙwarai, shi ya sa ake sa masa hula ta roba ko ta ƙarfe, wadda ƙarfin maganin zai cire ranar buƙata. Hular da ta faɗi ba a mayar ba, cikin 'yan makonni ramin ya cushe. Mahaɗin da ɓawon maiƙo ya rufe yakan yi jinkirin jin zafi, ko ma dalmar ta narke amma danƙo ya riƙe ƙarfen biyu. Igiyar kuma tana iya maƙalewa a inda ta sha kwana. Na'urar da ta shekara ba a duba ba za ta iya zama tana sheƙi a ido alhali ta mutu tuni.

Wanki da haɗarinsa

Ɗaya daga cikin ƙa'idodin da ake bi kan wannan al'amari ita ce ta Ƙungiyar Kare Gobara ta Amurka mai lamba NFPA 96. Ta tsara a riƙa duba taruwar maiƙo gwargwadon irin girkin. Inda ake amfani da itace ko gawayi, kowane wata, domin tartsatsi da baƙin hayaƙi suna ƙara wa maiƙo haɗari. Inda ake girki dare da rana ko gashin nama mai yawa, bayan wata uku. Matsakaicin ɗakin girki bayan wata shida, wanda ba a cika amfani da shi ba kuwa sau ɗaya a shekara. Akan auna kaurin maiƙon da wani ɗan ƙarfe mai haƙora kamar mataji. Idan ya kai milimita 2 wanki ya wajaba, kuma sai an kankare har ƙarfe ya bayyana, abin da ya saura bai wuce kashi ɗaya cikin ashirin na milimita ba.

Da soda ake yawan yin wannan wanki, irin wadda masu sabulun zamani ke saye, tare da ruwan zafi mai ƙarfin feshi. Abin sha'awa, aikin da sodar take yi shi ne dai wanda maganin gobara yake yi, wato mayar da maiƙo sabulu don ruwa ya iya ɗauke shi. Sai dai soda ba ta bambance maiƙo da sauran abubuwa. Tana cin fatar hannu da ido, tana cin dalma da alminiyam. Saboda haka ƙa'ida ta hana a shafa sinadarin wanki a kan mahaɗai masu narkewa. Mahaɗin da soda ta ci zai iya rabuwa ranar da babu wuta, magani ya malale kan abinci, ko kuma ya ƙi rabuwa ranar da ake da ita, wanda shi ne mafi muni. An kuma hana wanki da fetur ko kananzir ko duk wani abu mai kama wuta, kuma dole a kashe murhu da makunnan lantarki a kulle su kafin a fara.

Wata matsalar ita ce igiyar nan. Mai wanki da ya bangaje ta da abin kankara zai iya tayar da na'urar, don haka wasu sukan sa ƙarfe su kulle ta kafin su soma. Ƙa'idar ta ce kada a kashe na'urar yayin wanki sai fa idan wanda ya sami horo a kanta ne ya yi. Dalili a fili yake: aikin yawanci cikin dare ake yin sa, mutane sun gaji, kuma makullin da aka mance a ciki ba ya ƙara, ba ya nuna wata alama. Gari zai waye a ci gaba da suya a ƙarƙashin na'urar da aka ɗaure wa hannu.

Akwai kuma kuskuren da ya fi kowane sauƙin aukuwa. Kowane kan feshi an saita shi ne a kan wani kasko ko murhu, a wani tsayi da wata kusurwa. Idan aka janye kaskon suya don a wanke ƙasa, aka mayar da shi taku ɗaya gefe, to maganin zai zuba ne a kan siminti. Haka nan idan tsumma ya karkatar da kan feshin. Masu lura sukan shata wurin kowane kasko a ƙasa, ko su kafa abin da ƙafafunsa za su faɗa ciki. Wannan dabara ba ta cin kuɗi, amma ta fi wasu masu tsada amfani.

Wankin da ya tsaya a inda ido ke gani shi ma yaudara ce. Rumfa tana iya ƙyalli alhali bututun da ya kwanta cikin silin yana cike. Don haka ne ake huda ƙofofin dubawa a jikin bututu, ake kuma yi wa fankar rufi maratayi don a iya ɗaga ta a leƙa ƙarƙashinta. Idan an gama, sai a mayar da kowace ƙofa a rufe ta ruf, domin ta nan maiƙo da wuta ke fita su shiga silin. Maiƙon da ya tsiyayo nan kuma abinci ne ga kyankyasai da ɓeraye, su kuwa ɓeraye ba su barin wayar lantarki.

Aikin injiniyan na'ura dabam yake da na mai wanki, ko da kamfani ɗaya ne ya turo su. Duk bayan wata shida yakan cire 'yar tukunyar iska ya gwada ko igiya da mariƙin hannu suna saki, ya tabbatar gas yana yankewa, ya duba kan feshi da hulunansu, ya sauya mahaɗai da sababbi ko da tsofaffin ba su nuna lahani ba, sa'an nan ya rataya katin da ke ɗauke da kwanan wata. Shi kansa tankin akan gwada ƙarfinsa da matsin ruwa bayan shekara 12. Tsakanin zuwan injiniya da zuwansa, mai ɗakin girki ne zai riƙa dubawa kowane wata ko huluna na nan, ko an jingina buhu ko kwali a gaban mariƙi.

Ranar da na'urar ta fesa, ko da wuta ko bisa kuskure, duk abincin da maganin ya taɓa zubarwa ake yi, a wanke kayan girki da ruwan ɗumi da sabulu tun bai bushe ba. Injiniya zai ɗauraye cikin siraran bututan don kada gishirin ya daskare ya toshe su, ya sake cika tanki, ya sa sababbin mahaɗai. Kafin a kammala wannan, ƙa'ida ba ta yarda a kunna murhun da ke ƙarƙashin rumfar ba.