Geza a Bakin Mayafin Jariri

Daga Disamba zuwa Janairu, sa'ad da iskar hunturu ke kaɗawa a ƙasar Sakkwato, mace mai goyo a gari kamar Dandin Mahe, can wajen Boɗinga da Shagari, ba ta da abin nema kamar mayafi mai ɗumi na rufe jariri da asuba. Shi ya sa 'yan'uwa mata masu saƙa da kwarashi sukan sami ciniki a wannan lokaci. Amma mai saye bakin mayafi takan fara dubawa. Idan bakin ya nannaɗe, ko ya karkace, sai ta rage kuɗi, ko da tsakiyar ta yi kyau.

Geza tsohon abu ne. A Littafin Ƙidaya sura 15 an umurci Isra'ilawa su sa tuntu a kusurwoyin tufafinsu, kuma gezar rigar Yesu ce macen nan mai zubar jini ta taɓa ta warke.

Kafin ki sa geza, ki fara zagaye bakin da layi guda na gajeren saƙi, ki yi uku a rami ɗaya a kowace kusurwa domin kada ta tattare. Wannan layi shi ke riƙe gezar. Masu gaggawa sukan tsallake shi, bayan wanki biyu sai bakin ya saki.

Geza iri biyu ce. Ta fari ita ce ta yanke: a naɗa zare a jikin kwali mai faɗin inci 4, a yanke gefe ɗaya, a ninka sili uku ko huɗu, a jawo su ta rami da kwarashi a ɗaure. Tana da kyau a kan ƙyallen tebur, ko abin rufe teburin Jibin Ubangiji a majami'a. Amma kada ki sa ta a kayan jariri. Jariri yakan kai kome baki, silin da ya zare kuwa yana iya shaƙe shi, ko ya naɗe masa yatsa ya hana jini gudu, uwa ba ta sani ba sai kuka ya yi yawa.

Ta jariri ita ce gezar sarƙa. Ki saƙa sarƙa mai ido 6 ko 8, ki komo ki kama ta a rami na gaba, haka har ki zagaye. Ba a yanke kome, don haka ba abin da zai zare. Ki bar madaukan gajeru. Takan ci lokaci fiye da ta yanke, gaskiya ne, amma tana jure wanki.

Sai batun wuta. Yawancin ulun da ake sayarwa a kasuwannin Sakkwato na roba ne, ba gashin tunkiya ba. Ki ƙona ɗan guntu ki gani: na roba yakan narke ya dunƙule ya yi baƙi, auduga kuwa takan zama toka mai warin ƙonannar takarda. Geza mai lilo kusa da murhu, a bayan uwa mai goyo tana tuƙa tuwo, tana iya kama wuta ta narke ta manne a fata. Ku shugabannin Zumuntar Mata, sa'ad da kuke koya wa 'yammata saƙa, ku nuna musu wannan gwaji tun ranar fari.